Baƙin Ƙarfe a Ruwan Gwaji: Yadda Wani Ɗakin Bincike Ya Gano Abin da Ke Sa Nikel Fitar da Oksijin

Tushen lamarin

Wannan bayani ne a kan wani ɗakin binciken sinadarai a wata jami'a da ke gaɓar yammacin Amurka, da matsalar da ya yi ta bi daga 2012 zuwa wajen 2020. Aikin ɗakin shi ne raba ruwa da wutar lantarki. Idan aka tsoma sanduna biyu a ruwa aka ba su wuta, iskar haidurojin kan fita a jikin ɗaya, iskar oksijin kuma a jikin ɗayar. Kilo 9 na ruwa yana ba da kilo 1 na haidurojin da kilo 8 na oksijin. Haidurojin ake nema. Da ita ake yin amoniya, daga amoniya kuma ake samun takin yuriya da manomi ke zubawa a gindin masara, kuma har yau mafi yawanta daga iskar gas ake ciro ta.

Oksijin ba ita ake so ba, amma ita ce ke riƙe aikin. A lissafi, bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa. A zahiri ba ya isa, sai an ƙara, ƙarin kuma zafi yake zama ya tafi a banza. Don rage shi ake shafa wa sanda katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aiki ba tare da ya ƙare a cikinsa ba. Katalis kamar dillali yake: yana haɗa ciniki, ba ya cikin haja. Shi ya sa a nan zan kira wannan ƙarin bolt la'ada. Dillalin da ake nema shi ne mai ƙaramar la'ada.

A gefen haidurojin la'adar ƙarama ce, domin ilektron, wato ƙwayoyin wutar lantarki, biyu kawai ake motsawa. A gefen oksijin huɗu ne, a matakai huɗu, kuma dole a ɗaura ƙwayar oksijin da 'yar'uwarta. A kowane mataki katalis zai riƙe wani abu a fuskarsa sannan ya sake shi. Ya riƙe da ƙarfi, abin ya maƙale. Ya riƙe sako-sako, aikin bai fara ba. A 2011 masu lissafi a Denmark da abokan aikinsu suka nuna cewa a kan oksayid na ƙarafa iri-iri, wato haɗin ƙarfe da oksijin, ƙarfin riƙon biyu daga cikin waɗannan abubuwa a ɗaure yake da juna, ba a gyara ɗaya sai ɗayan ya motsa. Wannan kaɗai ya sa la'adar ba ta cika sauka ƙasa da wajen bolt 0.37 a lissafinsu ba.

A ruwa mai asid, oksayid na iridiyam ne ke jurewa. Iridiyam kuwa tan 7 zuwa 8 kacal ake haƙowa a duniya a shekara, yawancinsa daga Afirka ta Kudu. A ruwa mai alkali akwai sauƙi: nikel, kobalt, manganis da baƙin ƙarfe duk suna iya zama ba su narke nan take ba. Ruwan da ake amfani da shi shi ne na fotasiyam haidurokzayid, wanda ake taƙaitawa da KOH. Ɗan'uwan ruwan tokar da mata ke tacewa don yin sabulu ne, sai dai ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Abin da ɗakin ya sa gaba shi ne ya gano wanne ne gwani cikin waɗannan ƙarafa masu arha, kuma me ya sa.

Kafin 2012: abin da masu batir suka sani

Tun zamanin batirin nikel da baƙin ƙarfe da Thomas Edison ya yi wa rajista a 1901, masu wannan sana'a suka gane cewa in baƙin ƙarfe ya ƙetara zuwa sandar nikel, batir ya lalace. Ana cajinsa, sai wutar ta riƙa fasa ruwa tana fitar da oksijin maimakon ta taru. A wurinsu guba ne.

A 1987 Dennis Corrigan, mai bincike a kamfanin motoci na General Motors, ya auna wannan guba da kyau. Ya ga cewa baƙin ƙarfe kashi 0.01 cikin ɗari a jikin siririyar fatar nikel, wato shafin da ke kan sanda, ya isa ya rage la'adar oksijin har a gani. Da ya kai shi kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari, sai milibolt (kashi ɗaya cikin dubu na bolt) ɗin da ake buƙata don ninka saurin aiki sau goma ya sauko daga wajen 70 zuwa wajen 25. Ya kuma nuna cewa ƙarfen yana iya shiga fatar daga ruwan gwajin kansa. An buga aikin a mujallar masana lantarki da sinadarai, yana nan a ɗakunan karatu. Duk da haka, a shekarun da suka biyo baya an ci gaba da buga sakamakon gwaji a kan abin da ake kira tsantsar nikel ba tare da an tace ruwan ba.

A wannan tsakani wani bayani ya kafu. An san fatar nikel tana ƙara kyau in ta kwana a ruwan KOH. An kuma san cewa in ta tsufa, tsarin ƙwayoyinta yana sauyawa daga wani yanayi mai hargitsi zuwa wani mai tsari, wanda ake kira beta. Tun shekarun 1970 aka haɗa biyun aka ce beta shi ne nau'in da ya dace da fitar da oksijin.

2012: gwajin farko

Ɗakin ya fara da gyara hanyar awo. Yawancin masu bincike kan shafa katalis da kauri, ga ramuka ga lunguna, har ba a iya bambance ingancin sinadarin da yawan fuskar da ya samu. Su kuwa sai suka yi fata mai kaurin nanomita 2 zuwa 3, suka shafa ta a kan ma'aunin kwaz, wani ɗan faifai mai kaɗawa wanda saurin kaɗawarsa ke sauyawa da ƙaramin nauyi. Da haka suka san adadin ƙwayoyin ƙarfen da ke kan sanda, suka iya raba oksijin da ta fita a kan kowace ƙwaya.

Cikin oksayid ɗin da suka gwada, haɗin nikel kashi 90 da baƙin ƙarfe kashi 10 ne ya zo na ɗaya. Wutar da ya ja ta kai miliamfa 10 a kan kowace murabba'in santimita da la'adar milibolt 336, alhali nauyin fatar bai wuce maikurogiram ɗaya da ɗoriya ba. Ya ninka fatar iridiyam da suka gwada shi da ita wajen sau goma. Ana amfani da awon miliamfa 10 ne saboda shi ne kimanin wutar da na'urar raba ruwa da hasken rana mai ingancin kashi 10 cikin ɗari za ta ja.

Sun kuma lura cewa abin da suka shafa ba shi ke aikin ba. Oksayid ɗin nikel mai tauri, da ya sha ruwan alkali da wuta, sai ya rikiɗe ya zama hawa-hawa kamar takardun littafi, ruwa na ratsa tsakaninsu. Ana iya ganin wani ɓangare na wannan da ido: wannan sabon yanayi, wato haidurokzayid na nikel, kore ne, in wuta ta hau shi sai ya yi duhu, in aka sauke ta ya koma.

Sai dai fatar nikel da ba a sa mata komai ba ita ma tana ƙara ƙwazo da yawan gwaji. Ba a gane daga ina ƙwazon yake zuwa ba, kuma muddin ba a gane ba, ba a san da me ake kwatanta haɗin nikel da baƙin ƙarfe ba.

2013 zuwa 2014: wanke ruwan gwaji

A 2013 wata cibiya a jami'ar Caltech ta gwada katalis da yawa a ma'auni ɗaya. A ruwan alkali, duk waɗanda ba na ƙarfe mai tsada ba sun taru tsakanin bolt 0.35 da 0.43. A ruwan asid babu wanda ya jure sai na iridiyam. Kusancin sakamakon ya sa tambayar ta ƙara nauyi: abubuwa mabambanta, me ya sa suke kama da juna haka?

Ɗakin ya koma ga aikin Corrigan, ya zargi ruwan. Abu na farko da hankali ke kawowa shi ne a sayi KOH mafi tsabta a kasuwa. Wannan bai wadatar ba, kuma ɗan lissafi ya isa ya nuna dalili. A ce ruwan yana da baƙin ƙarfe kashi 10 kacal cikin biliyan. Mililita 100 nasa na ɗauke da maikurogiram ɗaya ke nan. Fatar da ake gwadawa ita ma wajen maikurogiram ɗaya ce, kuma kashi 10 cikin ɗari na wannan ya ishe ta. Nikel ɗin kuma ba ya jira, tsotse ƙarfen yake yi daga ruwa kamar soso. Ga kuma kwalabe: ruwan alkali yana cin gilashi a hankali, gilashi kuwa ba ya rasa ɗan baƙin ƙarfe a jikinsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa mutane da yawa ba su ga ƙarfen ba ko da sun duba. Na'urar da ake haska fuskar fata da ita don karanta sinadaran da ke ciki tana yawan amfani da hasken eksire daga alminiyam. Da wannan haske, wata alama ta nikel tana faɗawa daidai kan alamar baƙin ƙarfe ta rufe ta. Sai an sauya zuwa hasken magnisiyam alamun biyu suke rabuwa.

Maganin da suka samu daga halin nikel ɗin kansa ya fito. Tunda yana tsotsar baƙin ƙarfe, sai a ba shi ruwan ya tsotse tun kafin gwaji. Ana narka wajen giram 2 na tsabtataccen gishirin nikel a ɗan ruwa cikin bututun roba da aka wanke da asid. Ana zuba KOH, nan take sai wani koren tsaki na haidurokzayid na nikel ya kwanta kamar kamu. Ana juya bututun a na'ura mai gudu har tsakin ya taru a gindi, a zubar da ruwan sama, a wanke tsakin sau uku. Sannan a zuba masa mililita 50 na ruwan da ake son tacewa, a girgiza minti 10, a bar shi ya kwanta aƙalla awa 3, a sake juyawa a tsiyaye. Daga nan ruwan ba ya sake taɓa gilashi. A roba ake ajiye shi, a roba ake gwajin. Duk abin da ake buƙata akwai shi a kowane ɗakin gwajin sinadarai.

A wannan ruwa, tsantsar nikel ta nuna ainihin halinta. Ba ta fitar da oksijin na a-zo-a-gani ba sai da la'ada ta haura milibolt 400, kuma tsufa bai ƙara mata komai ba.

Sai suka bi tsofaffin bayanai ɗaya bayan ɗaya. Sun tsufar da fata a tataccen ruwa har ta koma beta, sai ta ƙara rauni fiye da yadda take a da. Abin da aka shekara talatin ana jingina wa tsarin beta ashe baƙin ƙarfe ne da ke shiga yayin da fatar ke kwana a ruwa. Bayani na biyu shi ne cewa ƙarfen yana sa fatar ta fi wuce da wuta ne kawai. Suka auna, suka ga lallai wucewar wuta ta ninku fiye da sau 30, amma ko a fata siririya ƙwarai, inda wucewar wuta ba matsala ba ce, bambancin yana nan. Wannan ma bai isa ba. A rahotonsu na 2014 sun karkata ga bayani na uku: baƙin ƙarfe yana jan wani ɓangare na ilektron daga nikel ɗin da ke maƙwabtaka da shi, ya sa shi ƙwazo. A wannan fahimta nikel ne mai aikin, baƙin ƙarfe ɗan taimako.

2015: jerin gwanaye ya juye

Wannan bayani na uku bai daɗe ba aka ƙalubalance shi. A 2015 masu bincike daga Berkeley da Stanford suka haska haɗin da eksire yana tsaka da aiki, suka haɗa da lissafi. Sun ga ƙwayoyin baƙin ƙarfe sun zauna a gurbin nikel cikin shafukan nan, maƙwabta sun matse su har tazararsu da oksijin ta gajarta fiye da yadda aka saba. Lissafinsu ya nuna a kan baƙin ƙarfen ake ɗaura oksijin, nikel masauki ne. Sun ƙiyasta cewa haɗin ya ninka kowanne daga cikin iyayensa biyu wajen sau 500. Sun kuma nuna iyakar abin: in ƙarfen ya wuce kimanin kashi 25 cikin ɗari, ba ya ƙara narkewa cikin nikel, sai ya ware ya yi nasa dunƙulen, wanda ba ya wuce da wuta sosai. Ƙara shi bayan nan ba riba.

Ɗakin bai tsaya kare matsayinsa ba. Ya ɗauki hanyar tacewar ya kai ta kan kobalt, yana tace ruwan da haidurokzayid na kobalt don kada nikel ya shiga. Nan ma baƙin ƙarfe ya ninka aikin wajen sau 100. Sun gwada baƙin ƙarfe shi kaɗai, suka ga lalurorinsa biyu: ba ya wuce da wuta sai an matsa masa, kuma in an matsa yana narkewa.

A shekarar suka sake jera ƙarafan. Jerin da aka sani daga wani aiki na 2012 ya sa nikel a gaba, sai kobalt, sai baƙin ƙarfe, sai manganis. A tataccen ruwa, nikel mai baƙin ƙarfe ne a gaba, sai kobalt mai baƙin ƙarfe, sai baƙin ƙarfe shi kaɗai, sai kobalt, sai nikel, sai manganis. Nikel ɗin da ake yi wa kallon sarki ya koma na biyun ƙarshe.

2017: ba kowane baƙin ƙarfe ba

Gwajin da ya fi burge ni a duk lamarin shi ne wannan, saboda sauƙinsa. Sun ɗauki tsantsar fatar nikel tana aiki a tataccen ruwa, suka ɗiga ɗan baƙin ƙarfe a ruwan da gangan. Aikin ya yi tsalle nan take, alhali alamun da ke nuna halin cikin fatar ba su motsa ba tukuna. Da aka ci gaba da hawa da saukar da wuta, ƙarfen ya ratsa ciki, alamun suka sauya sosai, amma aikin bai ƙaru ba sai kaɗan.

Ma'anar ita ce ƙwayoyin farko da suka sauka a gefen shafuka da wuraren da tsari ya karye su ne masu yawancin aikin. Na ciki suna sauya halin fatar, ba su ne ke fitar da oksijin da yawa ba. Wannan ya sauya abin da mai ƙera katalis zai nema. Cusa ƙarfe da yawa ba shi ne dabara ba. A yawaita gefuna ne, a sa ƙarfen a inda ruwa ke taɓa shi.

Muhawara ba ta mutu ba. Wasu masana har yanzu suna ganin nikel da baƙin ƙarfe tare suke ɗaukar matakan huɗun, kowa da nasa. Abin da aka daina musu a kai shi ne cewa in babu baƙin ƙarfe, babu wannan ƙwazo.

2019 zuwa 2020: daga kofin gwaji zuwa na'ura

Ɗakin ya kai katalis ɗin cikin na'urar raba ruwa ta gaske, irin mai siririn tantani a tsakiya, wadda ake ba ta tsantsar ruwa ba KOH. A nan gwanin kofin gwaji ya ba da kunya. Haɗin nikel da baƙin ƙarfe ba ya wuce da wuta sai ya hau yanayinsa mai duhu, hakan kuma ba ya samuwa sai inda ruwan alkali ya jiƙa shi. A cikin na'ura, garin katalis ɗin da bai taɓa tantanin ba ya zauna kamar yashi. Oksayid masu kobalt, waɗanda ke wuce da wuta ko a bushe, su suka fi shi. Rahoton 2019 ya nuna cewa a irin wannan na'ura, wucewar wuta a busasshen gari ita ce ta fi faɗin wanda zai yi nasara.

A 2020 masu bincike a cibiyar Argonne ta gwamnatin Amurka suka ƙara wani abu da ya shafi daɗewa. Baƙin ƙarfen ba a zaune yake ba. Yayin aiki yana narkewa ya bar fata, na cikin ruwa kuma yana sauka ya maye gurbinsa. A tataccen ruwa, katalis mai kyau yana raguwa da lokaci domin abin da ya fita ba ya samun madadi. In aka bar ɗan ƙarfe a ruwan, aikin yana tsayawa daram. Ruwan da aka tace don a gane gaskiya ba shi ne ruwan da ya dace a yi aiki da shi ba.

Abin da nake gani

A ganina babbar nasarar wannan ɗaki ba sabon sinadari ba ce. Haɗin nikel da baƙin ƙarfe yana rubuce tun 1987, kuma masana'antun da ke raba ruwa a KOH mai zafi da bututun ƙarfe sun daɗe suna cin moriyarsa, domin ƙarfen na shiga ruwansu ko ba su sa ba. Abin da ɗakin ya kawo shi ne ma'aunin sifiri: fatar da aka tabbatar babu baƙin ƙarfe a cikinta. Kafin a same ta, duk wanda ya haɗa nikel da wani ƙarfe ya ga ci gaba ba zai iya rantsewa cewa haɗinsa ne ya yi aikin ba. Na yarda wani kaso na rahotannin da aka buga a kan nikel da kobalt kafin 2014 suna buƙatar a sake karanta su da wannan ido, kuma rahoton da ya fito bayan nan bai faɗi yadda ya bi da ruwansa ba, ba na ba shi cikakken nauyi.

Na kuma ga daidai ne da suka bar bayaninsu na 2014 lokacin da awo ya nuna wani abu dabam. Da sun kafe a kan cewa nikel ne mai aikin, da ba su yi gwajin ɗiga ƙarfe na 2017 ba, wanda shi ne ya ba masu ƙira abin kamawa.

Inda nake ganin an yi gaggawa shi ne wajen ɗaukar awon miliamfa 10 a kofi kamar shi ne hukuncin ƙarshe. Na'urorin masana'antu suna jan ɗaruruwan miliamfa a kowace murabba'in santimita, a zafin digiri 70 zuwa 90, shekara da shekaru. Sakamakon 2019 ya nuna tazarar da ke tsakani. Hanyar tacewar ita ma tana da nata saura, domin takan bar ɗan nikel a ruwa, wanda ya sa wasu ɗakunan suka ƙara matata mai ƙananan ƙofofi bayan juyawa. A ruwan asid kuwa duk wannan bai sauya komai ba: nikel da baƙin ƙarfe narkewa suke yi, na'urorin da ke aiki a can har yanzu da iridiyam ake shafa musu sanda.